Allah Ya Kawo, Amma Me Ya Yi Sanadi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro. Masu girma hakimanmu na ƙasar Karaye da ƙasar Rogo, Allah ya ja zamaninku. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Limamanmu da malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja. Ardo-ardon Fulani da suka baro shanu a ruga suka amsa kiranmu. Manyan baƙinmu da suka taso tun daga Kano. Ma'aikatan lafiya maza da mata. Iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa. 'Yan'uwana manoma da makiyaya na Tudun Kaya da Kurugu da Turawa da sauran ƙauyukanmu na kusa da na nesa: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta farko ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya tashe mu lafiya, ya tara mu a wannan fili. Bayan haka ina godiya ga shugabanninmu da suka buɗe mana ƙofa duk lokacin da muka ƙwanƙwasa, ina godiya ga ma'aikatan da suka bi gida-gida a kan kekuna suna yi wa jama'a tambayoyi, ina kuma godiya ga masu gidajen da suka shimfiɗa musu tabarma har karo biyu ba tare da sun ɓata rai ba. Yabon gwani ya zama dole, saboda haka zan ware sunan mutum ɗaya, wato Malama Jamilatu, jami'ar lafiya, 'yar asalin Rogo, wadda ta jagoranci wannan aiki. Za ku ji dalili nan gaba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shitu Ɗanmaliki, shugaban kwamitin lafiya na yankinmu. Ban yi karatun likita ba. Sana'ata awo ce, ina sayar da hatsi a kasuwar Karaye, na tashi na tarar da mudu a hannun mahaifina, kuma shi ne a hannuna har yau. Da aka ce za a yi taron bayyana sakamakon awon da aka yi wa fahimtar mutanenmu, sai 'yan kwamiti suka ce ai maganar awo ce, a ba wa mai awo. Na karɓa da hannu biyu, domin yau ranar farin ciki ce, kuma na daɗe ina jiran ta.

Abu na farko, zan gabatar muku da mutumin da wannan magana ta fi shafa. Sunansa Sulle, manomi ne a ƙauyen Gidan Ɗantala, can bayan Kurugu. Ɗan goggona ne, wato taubashina, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ne, ba shi da inda zai kai ƙara. Sulle ya gaji gona daga mahaifinsa, gona mai albarka, wadda ke ba da gero da dawa da gyaɗa. Amma damina biyu a jere kurkunu ya kwantar da shi. Kun san kurkunu, tsutsar nan fara mai kama da zare wadda ke fasa ƙafa ta fito, a yi ta naɗe ta a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, mutum yana kwance makonni. Ba ta zuwa da rani sa'ad da manomi ba shi da aikin yi, sai an yi shuka, ciyawa ta taso, sannan ta ce ga ta nan. Damina biyu Sulle yana kwance a zaure yana jin ƙarar fartanyar maƙwabta, ciyawa tana cinye masa gero. A ƙarshen ta biyu ya faɗa a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, ya ce, "In na sake kwanciya damina ta uku, zan kwashe iyalina in bar garin nan, gonar ta zama ta wanda ya ga dama." Magana zarar bunu ce, kuma duk wanda ya san Sulle ya san ba ya mayar da ita. Ni kuwa hankalina ya tashi, domin in ya tafi, gidan goggona ya mutu ke nan.

Abu na biyu shi ne awon farko. A kakar waccan shekara, wato shekarar 1990, labari ya zo mana cewa wata ƙungiyar agaji za ta haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu yankuna. Rijiyoyin kaɗan ne, masu nema da yawa. Kuma sun taɓa haƙawa a wani wuri mutane suka watsar suka koma kududdufi, wai ruwansa ya fi garɗi. Don haka suka kafa sharaɗi: za a fara auna mutane, a ga ko sun fahimci yadda zamansu da ruwansu da abincinsu da hanyarsu ke shafar lafiyarsu. Inda aka fahimta, a haƙa rijiya. Inda ba a fahimta ba, a fara da wayar da kai na shekara biyu. Ban ga laifin wannan sharaɗi ba a wancan lokaci, kuma ban gani ba har yau.

Aka zo aka bi gidaje. Babbar tambayar ita ce, "Me yake kawo cuta a gidan nan?" Hausa ce tsantsa, babu kuskure a cikinta. Aka isa zauren Sulle, yana zaune da tabon kurkunu a ƙafa biyu, aka yi masa ita. Ya dubi mai tambayar ya ce, "Wa ke kawowa in ba Allah ba?" Mai tambayar ya ce, "Haka ne, Baba. To bayan haka fa?" Sulle ya ce, "Bayan Allah akwai wani ne?" Aka rubuta cewa bai sani ba, aka wuce gida na gaba. A gida na gaba ma abin da aka ji ke nan. Haka a Turawa, haka a Tudun Kaya, haka a rugage, ko an yi tambayar da Hausa ko da Fulatanci.

Da sakamako ya fito, aka ce cikin kowane mutum goma na yankinmu, biyu ne kacal suka san abin da ke jawo musu ciwo. Aka ce ba mu isa rijiya ba tukuna, za a riƙa kawo mana majigi. Jama'a, ku duba wannan al'amari: mutumin da ƙafarsa ke kumbure, shi za a tara a fili a nuna wa hoton kumburarriyar ƙafa. Na ji haushi, na ji kunya, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro, domin shekara biyu ta majigi tana nufin damina ta uku za ta tarar da Sulle yana shan ruwan kududdufi. A sana'armu, in ka auna buhu ka ga ya gaza, kafin ka kira manomi maƙaryaci sai ka fara duba gindin mudunka. Zuciyata ta ba ni cewa mudun nan yana da huda, amma ban san inda take ba.

Abu na uku shi ne yadda aka gano hudar, kuma a nan ne sunan Malama Jamilatu ya shigo. Ita ta jagoranci masu tambayar, ita ta kai sakamakon Kano da hannunta, amma ta dawo ranta bai kwanta ba, domin a cikin mutanen nan ta tashi, ta san ba haka suke ba. Ana cikin haka aka yi rasuwa a Turawa. Wata dattijuwa, Goggo Tasalla, ta rasa jikanta, yaro na goye. Malama Jamilatu ta je gaisuwa kamar kowa, ta zauna cikin mata. Abin da zan faɗa muku yanzu daga bakinta na ji shi. Ta ce mata suna shigowa suna cewa, "Goggo, ya haƙuri?" tana amsawa, "Da godiya. Allah da ya ba mu shi ya karɓi abinsa." Can sai wata tsohuwa ta matso kusa, ta rage murya, ta yi tambayar nan da kowannenmu ya saba ji a zaman makoki, ta ce, "Tasalla, me ya yi sanadi?"

Goggo Tasalla ta ce, "Wa'adi ne ya yi. Amma sanadi kam, tun daga rumbu abin ya faro. Hatsi ya ƙare mana tun kafin marka. Uban ya tafi birni neman abin da za a ci. Uwar ta shiga ƙwadago a gonakin mutane, tana fita da safe ba ta dawowa sai yamma, ga ba ta ƙoshi, nono ya janye. Yaro yana kuka a hannuna, na ba shi kunu da ruwan da muke da shi, na tafki. Zawo ya kama shi. Da muka tashi kai shi asibiti, ƙorama ta cika, amalanke ba ya wucewa. Muka kwana a wannan gaɓar muna kallon waccan."

Malama Jamilatu ta ce tana zaune sai ta tuna cewa wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda aka rubuta ba su sani ba. Ga yunwa, ga tafiyar maigida, ga wahalar uwa, ga ruwa, ga hanya, ta jero su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana riƙe da na gabansa. Abin da aka zo aunawa ke nan, kuma ga shi a bakin tsohuwa. Ashe hudar a kalma ɗaya take. In ka ce da Musulmin ƙasar nan me ya kawo, ka tambaye shi imaninsa, kuma da imaninsa zai amsa maka. In ka ce masa me ya yi sanadi, ka tambaye shi abin da idonsa ya gani. Dukanmu mun san wannan bambanci, muna aiki da shi a kowane zaman makoki, amma saboda tsabar sabo babu wanda ya lura da shi, daga masu tambaya har masu amsa.

Muka ɗunguma zuwa Kano, ni da Malama Jamilatu da limamin Gidan Ɗantala. Shugaban aikin mutumin kirki ne, ya ba mu kujera, ya saurare mu, amma ya ce awo an riga an yi, ba a saba maimaitawa ba. Sai liman ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, kun yi wa mutanena tambayar tauhidi, sun ba ku amsar tauhidi. Da sun amsa da wani abu daban, ni ne zan ji kunya, don ni nake karantar da su. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana sanin sababi ba. Ku koma ku tambaye su sababi, in sun kasa, ku kawo majigin, ni zan fara zama a sahun gaba." Shugaban ya yi dariya, sannan ya ce a koma a sake. Allah ya saka masa da alheri, ga shi nan zaune tare da mu.

Abu na huɗu shi ne awo na biyu, wanda muka taru yau domin mu ji shi a bainar jama'a. A wannan karon mai tambaya yakan zauna a gama gaisuwa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya. Sannan shi da kansa ya fara cewa, "Cuta da sauƙi duk na Allah ne." Mai gida ya ce haka ne. Sannan a ce, "To a garin nan, me ya fi zama sanadi?" Jama'a, sai baki ya buɗe. Waɗanda a da aka gama da su kafin a sha ruwa, yanzu sai mai tambaya ya nemi a yi masa afuwa zai wuce gida na gaba.

Suka ce ruwa, domin tafkin da muke sha shi dabba ke sha, a cikinsa ake wanki, a cikinsa mai kurkunu ke tsoma ƙafa ya ji sanyi. Suka ce yunwar marka, domin yara sun fi kwanciya a watan da rumbu ya koma fanko. Suka ce hanya, domin mace mai naƙuda ba ta jiran ƙorama ta janye. Suka ce nauyin da ke kan mata, ga daka ga ɗiban ruwa ga itace ga goyo. Wani makiyayi, Hamma Jibo, ya ce tun da aka nome burtalin da shanu ke bi zuwa rafi, dole suka koma tafkin gari, don haka rigimar burtali ma maganar lafiya ce. Wannan ko a cikin abubuwan da aka shirya tambaya babu shi, sai da aka ƙara. Shi kuwa taubashina, da aka koma masa, cewa ya yi, "Ai na san ruwan ne, tun ina saurayi na sani. Amma in ban sha shi ba, me zan sha?"

Da aka haɗa, cikin kowane mutum goma, takwas ne suka bayyana yadda halin zamansu ke jawo musu ciwo. Daga biyu zuwa takwas, ba tare da an nuna majigi ko sau ɗaya ba. Mutanen su ne na da, gidajen su ne na da, ilimin ma shi ne na da, mudun kawai aka liƙe. Mutanen Karaye sun sani, mutanen Rogo sun sani, manomi ya sani, makiyayi ya sani, tsohuwa a cikin ɗaki ta sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina alfahari da ku, kuma ina so baƙinmu su koma da wannan labari duk inda za su je su auna wasu.

Sai dai mai awo na gaskiya ba ya ɓoye tsakuwar da ya gani a cikin hatsi. Awo na biyu ya nuna inda muka gaza. Kaɗan ne daga cikinmu suka ambaci rashin masai a gida, kamar dai bayan gari ba ya komawa tafki in ruwa ya sauka. Kaɗan ne suka ambaci allurar rigakafin yara, alhali ƙyanda tana yi mana ɓarna kowace bazara. Wannan kam ba laifin tambaya ba ne, namu ne. Don haka ina kira ga magidanta, kowa ya haƙa masai a gidansa. Ina kira ga iyaye mata, ranar rigakafi a fito da yara. Ina roƙon iyayenmu hakimai da dagatai su zaunar da manoma da makiyaya a kan maganar burtali. Ina kuma roƙon hukuma ta dubi ƙoramar da ta tsayar da Goggo Tasalla, a yi mata kwalbati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yanzu mun nuna muku tsagar da yatsunmu.

Abu na ƙarshe, na san kuna so ku ji yadda aka ƙare da Sulle. A bazarar bara aka haƙa rijiyoyi a ƙauyukanmu, ɗaya ta faɗo Gidan Ɗantala. Aka yi murna, aka yi addu'a, aka bar tafki ga dabbobi. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ciyawa ta taso. Sai ga kurkunu ya sake fasa ƙafar Sulle. Damina ta uku ke nan. Gari ya ɗauka, masu cewa ga rijiyar ga ciwon suna faɗa, wasu har sun fara komawa tafki da tulunansu. Na hau keke na tafi, ina tsammanin zan tarar ana ɗaure kaya.

Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe, tsinke a gefe. Muka gaisa, na yi masa sannu. Sai ya ce, "Shitu, ka zo rakiya ne?" Na ce, "Na zo in ji ta bakinka." Ya ce, "Ka tuna shekarar da ƙanena Barau ya tafi birni aikin gini? Ruwan famfo yake sha a can, amma da damina ta zagayo tsutsa ta fito masa. Shekara ta biyu ba ta fito ba, har yau kuma ba ta sake ba. Ka ga ke nan daga nan ya tafi da ita a cikinsa. Wannan da kake gani girbin ruwan bara ne, ba na rijiya ba. Na faɗi magana a ƙofar masallaci, kuma a ƙofar masallaci zan je in nemi a ƙara mini damina ɗaya." Haka kuwa aka yi. Aka ɗauke shi a kan jaki ranar Juma'a, ya faɗa wa jama'a abin da ya faɗa mini, Malama Jamilatu ta tabbatar musu cewa tsutsar takan yi kamar shekara a jiki kafin ta fito. Masu tuluna suka dawo rijiya. Samarin gari suka yi masa gayya suka nome gonar.

Yau muna tsakiyar damina ta huɗu. Kwamiti ya so Sulle ya zo wannan taro ya tsaya a gabanku, ni aka aika in gayyato shi. Jiya da hantsi na je gidansa, aka ce ba ya nan. Na bi shi gona. Na hango shi can tsakiyar gero, sunkuye, yana maimai, ƙafafunsa biyu a cikin laka har idon sawu. Na kira shi na gaya masa saƙo, na ce manyan mutane za su taru, har daga Kano. Ya ɗago, ya share gumi, ya ce, "Ka ba su haƙuri, ka gaishe su da kyau. Ka ce musu shekara uku ban yi maimai da hannuna ba, ba zan bar shi don in je in zauna a kujera ba." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Na daɗe a bakin gonar a tsaye, kuma ban ji kunyar hawayen da suka zo mini ba.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina neman afuwa a madadinsa. Sulle bai zo ba, yana gonar ubansa.

Allah ya sa albarka a cikin abin da ya shuka da abin da muka shuka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya raya mana 'ya'yanmu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba wa Goggo Tasalla da ire-irenta haƙuri. Allah ya ba wa marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Allah ya ƙara wa shugabanninmu adalci da tsawon rai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da baƙinmu da kowa da kowa gidajensu cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode da kuka saurare ni, na gode.